Furofesa Mai Aski da Sugan Ɓangaren Dama

Idan ka bi layin da ke bayan tashar mota, ka wuce kantin lemo, za ka ga wani shagon aski mai kujera ɗaya da benci biyu. Mai shagon shi ake kira Furofesa. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, masu zuwa aski ne, domin ba ka zama a kujerarsa ka tashi sai ka ji abin da ke hana jirgin sama faɗowa, da dalilin da ya sa kaza ba ta fitsari, da kurakuran da masana suka daɗe suna tafkawa don ba su tuntuɓe shi ba. Amma a faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau, idonsa kuma ya fi hannun. Layin da yake fitar wa mutum a goshi kamar da zare aka auna shi. Da wannan idon ya yi aure, da shi yake ciyar da tagwayensa, saboda haka mutane ke haƙuri da bakin don su samu askin.

Ranar da likita ta gaya masa yana da ciwon suga, matarsa Maman Biyu na zaune gefe tana saurare. Likitar ta ba shi ƙwayoyi, ta nuna masa 'yar na'urar gwaji da tsinkayenta da allurar soka yatsa.

"Ka wanke hannu da sabulu, ka goge shi ya bushe ƙarau, sannan ka soka," in ji ta. "Kuma Malam, sana'arka ta ido ce. Ciwon nan in aka yi masa sakaci, ido na cikin abubuwan da yake taɓawa."

Furofesa ya dinga gyaɗa kai, amma ba saurare yake ba. Jira yake ta numfasa ya yi mata bayanin yadda suga ke shiga jini.

A gida Maman Biyu ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Shinkafar da ke cika faranti ta koma 'yar kusurwa, ganye da wake da kifi suka mamaye sauran filin. Shayi ya zama ruwan zafi mai launi. Lemon kwalba kuwa ko sunansa aka ambata sai ta ɗago kai. Furofesa ya dubi farantinsa a ranar farko ya ce, "Maman Biyu, wannan abincin ne, ko ɗanɗano aka kawo min kafin abincin ya iso?"

"Shi ke nan. Ka ci a hankali, zai yi maka yawa."

Ya daure na ɗan lokaci, yana ci yana ƙunƙuni. Ran nan da rana mai tallar mangwaro ta gifta ƙofar shago, ƙamshi ya shigo ya zauna masa a hanci. Ba kowa a shagon sai Direba, tsohon abokinsa, wanda ya ajiye tuƙin manyan motoci ya koma zaman benci da musu. Furofesa ya sayi biyu, ya shanye su tas, ya lashe yatsu, ya goga a wando. Sai tsoro ya biyo bayan daɗi. Ya ɗauko na'ura ya soki manuniyar dama, ya ɗiga jini a tsinke. Lamba ta fito, ɗari huɗu saura kaɗan.

Furofesa ya ajiye na'urar. Ya fita bayan shago wurin duro, ya dunƙule hannun da ya soka, ya dinga watsa wa fuskarsa ruwa da hannun hagu yana salati. Ya dawo, ya ce bari ya sake, ko na'urar ce ta yi mafarki. Wannan karon ƙaramin yatsan hagu ya soka, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Lamba ta fito, ɗari da 'yan kai.

Wani in ya ga haka zai ce hannu ɗaya ruwan mangwaro ne a jikinsa, ɗayan kuma ruwan duro ya sirka jinin. Furofesa ba wani ba ne. Ya tsaya ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu, sannan murmushi ya fara buɗe masa fuska a hankali.

"Direba, kana zaune a wurin da aka gano abin da ya gagari likitocin duniya."

"Me aka gano? Cewa mangwaro na da zaƙi?"

"Idonka nawa?"

"Biyu."

"Kunne fa? Ƙoda fa? Ƙofar hanci fa? To don me jini zai zama ɗaya? Tun ina yaro da dama nake ci, a kuncin dama nake tauna. Duk sugan da na sha a duniya can ya taru. Hagu kuwa sabuwa ce fil, ba a taɓa ta ba. Ashe rabina ne ba shi da lafiya, aka bi aka hana ni gaba ɗaya abinci."

Direba ya gyara zama. "To maƙogwaronka fa, shi ma biyu ne?"

"Kai da ka tsufa a kan titi kake wannan tambayar? Titi ɗaya ne, amma kowace mota da layinta."

"Na kuma ga inda suke karo."

"Wannan sai direban banza," in ji Furofesa, ya rufe zancen.

Tun daga ranar tsari ya kankama. Ganye da wake a kuncin dama ake tauna su, tunda can ne majinyacin yake. Biskit da kek da burodi mai madara kuwa ta hagu suke bi. Lemon kwalba da tsinken zuƙa yake sha, ya maƙala shi a kusurwar baki ta hagu, ya karkatar da kai har kunne ya kusa taɓa kafaɗa. In ya gama sai ya kishingiɗa a benci kan gefen hagu, don kada zaƙin ya tsallaka. Ƙwayar magani ma raba ta biyu ya koma yi da reza, domin a cewarsa zalunci ne a ɗura wa lafiyayyen ɓangare magani. Ƙaramin yatsan hagu ya raɗa masa suna Amintacce, shi kaɗai ake soka, kuma sai an jiƙa shi.

Maman Biyu ta kama shi da safe a bakin famfo yana gwaji da hannu sharkaf.

"Baban Biyu, likita cewa ta yi a goge hannu ya bushe."

"Likita littafi ta karanta, ni jikina na karanta. Busasshen yatsa marowaci ne, ba ya fitar da jini na gaskiya."

"To gwada na daman ma in gani."

"In gwada shi ya gaya min me? Na san ba shi da lafiya. Mutum ba ya zuwa asibiti kullum don a sake gaya masa abin da ya sani." Ya ɗaga mata na'urar. "Duba nan. Ko jariri albarka."

Ta duba, lambar kuwa mai kyau ce. Ta dube shi, ya rame a wuya, leɓensa a bushe. Hankalinta bai kwanta ba.

A unguwa labari ya bazu. Mai Kanti, wanda cinikin lemonsa ya ja baya tun da Furofesa ya kamu, shi ne ya fara ba da gaskiya. Kullum yana ƙofar shago yana cewa, "Ni dama na san mutumin nan ba a nan ya kamata a haife shi ba." Tela na tsallaken titi, mai irin ciwon, wanda ya daɗe rabonsa da abu mai zaƙi, ya fara zuwa yana zama a benci yana kallon kwalbar Furofesa kamar mai kallon tsohuwar budurwarsa.

"Furofesa, ni kuma da hagu nake riƙe almakashi. Nawa sugan ina yake?"

"Naka sai an yi bincike. Ka bari in kammala nawa, zan duba ka kyauta."

Sai dai Amintacce ya fara nuna wasu halaye. Lambarsa ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Furofesa ya gane nan take cewa ƙishi ne ke damun yatsan, ya tanadar masa kofi na musamman a kan teburin aski. Kafin gwaji sai ya tsoma shi ya jiƙu sosai, ya soka, ya bar ɗigon jini ya haɗu da ɗigon ruwa har ya yi fari-fari, sannan ya ba na'ura. Lamba ta koma inda ake so.

Ƙishin bai tsaya a yatsa ba. Furofesa ya koma shan ruwa kamar raƙumin da zai yi tafiya, abin da ya shiga kuma dole ya nemi hanyar fita. Yana tsakiyar aski sai ya ajiye injin aski ya ce, "Ina zuwa," ya bar mutum da ƙyalle a wuya da rabin kai. Wani mai gyaran waya ya yi zaman jira har sau uku a aski ɗaya, a na ƙarshe ya ce, "Furofesa, ko in dawo da kujerar can bayan shagon ne mu huta?"

Wuyansa kuma ya saba da karkata, har ya zamana ko ba ya shan komai a karkace yake kallon duniya. Mutumin da ke kallo a karkace kuwa, layin da ya ja a karkace zai fito. Wani malamin makaranta ya zauna a gyara masa gaban goshi. Furofesa ya ja layi, ya gangara. Ya ce bari ya daidaita ɗaya gefen, ya wuce. Ya dawo wannan, ya sake wucewa. Haka goshin malam ya dinga ja da baya kamar ana cin filin maƙwabci, har ya kai tsakiyar kai.

"Wannan wane irin aski ne?" in ji malamin.

"Na masu ilimi. Faɗin goshi alamar karatu ne, kai ma ka sani."

Malamin ya ce a aske duka. Ya fita da kai kamar ƙwai, bai sake bin layin ba.

Daga nan Furofesa ya fara faɗa da kayan shago. Madubi ya yi hazo, ya wanke shi da sabulu har sau ba adadi. Ƙwan fitila ya mutu da ransa, ya sayo wani. Ya ce masu yin tsinin inji sun lalace, yanzu ba a gane inda ya ci da inda bai ci ba. Ranar da ya ɗauke wa wani ɗan sanda rabin gira yana neman gyara masa saje, sai da Direba ya shiga tsakani da ban haƙuri.

"Abokina," in ji Direba bayan ƙura ta lafa, "ba madubi ba ne. Idonka ne."

"Idon dama, to. Ai wannan ma hujja ce a kan maganata."

Washegari ya zo da hankici ya ɗaure idon dama, ya ce daga yau hagu ce za ta yi aiki. Yaran layi suka taru a taga suna leƙe. Mutum biyu da ke jiran aski suka tuna suna da uzuri.

Da yamma, shago ba kowa, ya tsaya a ƙofa ya dubi allon kantin lemo da idon hagu, wanda ya ce lafiyayye ne. Ya san abin da aka rubuta a allon, shekara da shekaru yana ganinsa. Amma haruffan sun narke sun shiga juna. Ya murza ido, ya sake dubawa, suna nan yadda suke. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya tuna tagwayensa da kujerar nan ɗaya da ke riƙe da gidan. Da a ce wani ya zo a daidai lokacin ya dafa shi, da wataƙila ya faɗi gaskiya. Sai Mai Kanti ya ɗago hannu daga can ya ce, "Furofesa, mai sanyi ko marar sanyi?" Furofesa ya haɗiye tsoron, ya ce mai sanyi.

Tunda ciniki ya ja baya, sai ya yanke shawarar abin da ya rage shi ne ya rufe bakin masu gulma a bainar jama'a. Ya sa aka sanar cewa ranar Asabar da hantsi zai bayyana wa unguwa sirrin cin zaƙi ba tare da ciwo ba. Mai Kanti ya kawo akwatin lemo da tiren kek, ya ce gudummawarsa ce ga ilimi, amma wanda ya buɗe kwalba zai biya. Aka fito da benci waje. Tela ya zo da wuri ya kama gaba. Mata suka tsaya daga nesa, masu gyaran babur suka bar aiki. Don a ga cewa idonsa garau yake, Furofesa ya ce zai yi bayani yana aski. Aka rasa mai ba da kai, sai Direba ya tashi yana tsaki ya zauna a kujera.

"Ni gashin nawa ya kusa ƙarewa dama. Yi abin da za ka yi."

Furofesa ya kunna inji ya fara daga gefen hagu, bakinsa na zuba. Ya kawo misalin ƙoda, ya kawo na titi. Ya aske rabin kan Direba tas, ya ajiye inji, ya ɗauki kek ya tura a kuncin hagu, ya karkace ya zuƙe kwalba guda. Tela ma ya faki ido ya buɗe tasa, ya karkata kai yana kurɓa a hankali.

"Yanzu kowa ya matso ya ga abin mamaki," in ji Furofesa. Ya ɗaga Amintacce sama kowa ya gani, ya nufi kofi da shi.

"Dakata, Baban Biyu."

Maman Biyu ce, ta ratso mutane da buta a hannu ɗaya, sabulu a ɗayan, tawul a kafaɗa. Ba ta taɓa taka shagon ba a lokacin aiki.

"Maman Biyu, nan wurin ilimi ne."

"Shi ya sa na zo in ƙaru. In ilimin na gaskiya ne, tawul ba zai ɓata shi ba."

"Wannan magana haka take," in ji Direba daga ƙarƙashin ƙyalle.

Jama'a suka ce a goge, a goge. Furofesa ya duba hagu da dama bai ga mafita ba, sai ya yi dariya ya miƙa hannuwa. "A goge mana. Zinariya ba ta tsoron tawul."

Ta wanke masa hannu biyu da sabulu kamar yadda take yi wa tagwaye in za su ci abinci, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya ta goge su ƙarau. Ta sa sabuwar allura ta soki manuniyar dama. Tela ya leƙa ya karanta da ƙarfi, ɗari uku da tamanin da wani abu.

"Kun ji ko?" in ji Furofesa yana juyi. "Dama ke nan, majinyaciya. Me na gaya muku? Yanzu a zo wurin mai gaskiya."

Ta sake allura da tsinke, ta soki Amintacce. Jini ya fito ja wur, ba sirki. Na'ura ta yi ƙara. Furofesa ya warce ta kafin Tela ya miƙo wuya.

"Wannan ni zan karanta da bakina."

Ya ɗaga ta gaban idon hagu. Ya matso da ita kusa da hanci. Ya miƙar da hannu ya kai ta nesa. Ya ce inuwa ce ta yi yawa, ya fita tsakiyar rana. Ya cire hankicin ya duba da ido biyu. Lambobin manya ne, an yi su don tsofaffi, amma abin da yake gani baƙin hazo ne a kan toka. Wani daga baya ya fara dariya, wasu suka kama, har aka ji mai cewa ko a kawo masa kofin ya tsoma idon. Furofesa bai mayar da martani ba, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu.

Ya juyo a hankali ya miƙa wa matarsa na'urar.

"Maman Biyu, karanta min. Ba na gani."

Ta karɓa. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji. Lambar hagu da ta dama ba su da maraba sai abin da ba a rasa ba.

Tela ya miƙar da wuyansa, ya ajiye kwalbar a ƙarƙashin benci ya tura ta da ƙafa. Mai Kanti ya sunkuci akwatinsa ya ce ya bar kanti ba kowa. Furofesa ya zauna a bakin benci, ɓurɓushin kek na nan a hannun rigarsa, ya rasa inda zai sa fuska. Kunya ta ishe shi, amma tsoron ya fi kunyar.

"Idon zai dawo?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ba ni ce likita ba, kai ma ba kai ba ne. Tashi mu je wurin wadda ta sani, yanzu."

Direba ya cire ƙyallen daga wuyansa ya kakkaɓe, ya laluba aljihu ya fito da makullin tsohuwar motarsa. Rabin kansa na ƙyalli a rana, ɗaya rabin furfura ce tsaye.

"Ku taho in kai ku."

Furofesa ya ɗago ya dube shi, ko a hazon ma ya ga ɓarnar da ya yi. "Direba, kanka fa? Ka tsaya wurin yaron can na bakin tasha ya ƙarasa maka. Kada ka shiga asibiti haka."

"Yaron tasha?" Direba ya ja tsaki, ya kifa hula a kai, ya kama hannun abokinsa ya tashe shi. "Tun ina da gashi baƙi ba wanda ya taɓa kan nan sai kai. Haka zai zauna. Ka je ka gyara idonka, ka zo ka ƙarasa aikinka."